Tambaya da Amsa: Murhun gas na baƙanta min tukunya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah murhun gas ɗina ne kwanan nan wutarsa ta koma ruwan ɗorawa, duk tukunyar da na ɗora sai gindinta yayi baƙiƙƙirin kamar da itace nayi girki, har silin ya fara kunkunniya. Maigida yace gas ɗin ne ba kyau. Haka ne? Kuma baƙin nan yana da illa?

AMSA: Wa alaikumussalam 'yar uwa. Toh kafin a ɗora wa gas laifi a fara duba kan murhun tukunna, dan yawanci iska ce bata isar wutar. Gas, kalanzir, itace, dizal, duk akwai sinadarin kabon a cikinsu, in iska ta wadata sai ya ƙone tas wuta ta fito shuɗiya, in kuwa ta gaza sai ragowar ya dunƙule ya zama 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi baƙaƙe, su ne ke yin jajir cikin harshen wutar har kiga ruwan ɗorawan nan, da sun taɓa gindin tukunya mai sanyi sai su manne. Ki bari murhun ya huce, ki cire kan, zaki ga ƙananan ramuka zagaye da shi, sau da yawa maiƙo ne ko abinda ya tafaso ya zuba ya toshe su. Ki wanke da tsohon buroshi, ki tsokale ramukan da allura, ya bushe sarai sannan ki mayar ya zauna daidai. In wutar bata dawo shuɗiya ba a kira mai gyara ya duba inda iska ke shiga da kuma regileta, kar ki kwance da kanki.

Maganar illa kuwa, wallahi na tukunya shine mai sauƙi tunda soso na fitar dashi. Wanda ke yawo a iska shine abin ji, galibin ƙwayoyinsa basu kai maikiromita 2.5 ba, silin gashi ɗaya ya fi su kauri kusan sau 30, dan haka hanci baya iya tace su, wucewa suke can ƙasan huhu, su tada asma, su jawo tari da ciwon huhu musamman ga yara, har zuciya suna taɓawa. Tun 1775 wani likita a Landan, Percivall Pott, ya gano cewa masu share bututun hayaƙin gidaje na kamuwa da sankara saboda kunkunniyar da ke maƙale musu a fata. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mutum miliyan 3.2 ne suka rasu a 2020 sanadin gurɓatacciyar iskar cikin gida, mafi yawa daga girki da itace, gawayi da kalanzir. Sannan wutar dake baƙi tana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monokzaid, ita ba kala ba wari, sai dai ciwon kai da jiri, in kika ji haka kashe wutar ki fita waje. Taga dai a buɗe duk sanda ake girki.

Shi kuma silin kar ki fara da jiƙaƙƙen tsumma, damalmalewa zaiyi ya shige fenti. Ki rufe hanci da takunkumi, ki kakkaɓe a bushe, daga baya ki bi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke.