Koyon zayyana kayan masana'antu a Jamus: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama ND a fannin injiniyancin kanikanci a Kaduna. Abokina da ke Jamus ya ba ni labarin wata sana'a da suke kira Technischer Produktdesigner, ya ce kamfani ne ke koyar da mutum, kuma ana biyansa. Ina da hannun zane tun ina firamare. In bi wannan ko in wuce HND?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka bai yi maka ƙarya ba, amma bari ka ji yadda aikin yake kafin ka yanke shawara. Mai wannan sana'a wuni yake a gaban kwamfuta yana ƙera sassan inji a cikin manhaja, tsawo da faɗi da kauri, sannan ya fitar da zanen da mai injin yankan ƙarfe zai bi ba tare da ya tambayi kowa ba. Ga misali. Idan ka zana rami mai faɗin milimita 20 ka rubuta H7 a gefensa, ka gaya wa mai yanka ke nan cewa ramin ya tsaya tsakanin milimita 20.000 da 20.021. Silin gashin kanka ya fi wannan tazarar kauri. Ka matse ma'aunin ba dalili, kuɗin aikin ya tashi. Ka sake shi, sandar da za ta shiga ramin ta riƙa lilo. Hannun zane yana da amfani, amma abin da ake nema shi ne haƙuri da lissafi da sanin halin ƙarfe da roba.

Shekara uku da rabi ake yi. Kana da kwantiragi da kamfani, a can za ka yi mafi yawan kwanakinka, sauran kuma a makarantar sana'a, ko dai kwana ɗaya zuwa biyu a mako, ko makonni a jere. Akwai littafin da za ka riƙa rubuta abin da ka koya, mai horar da kai yana sa hannu, kuma in babu shi ba za a bar ka ka zauna jarrabawar ƙarshe ba. Ƙungiyar masana'antu da kasuwanci ta yankin, wato IHK, ita ke shirya jarrabawar kashi biyu, kuma makin kashin farko yana shiga sakamakon ƙarshe. Tun gyaran da aka yi a 2011, lokacin da aka haɗe tsohuwar sana'ar zanen fasaha a ciki, reshe biyu ne: na injuna da kayan masana'antu, da na kayan da mutane ke amfani da su kai tsaye. Mai ND irin taka, reshen injuna ya fi kusa da shi.

Shawarata ita ce kada ka saki HND sai kwantiragi ya zo hannunka. Wannan aikin ofis ne mai tsabta, 'ya'yan ƙasar ma suna rububinsa, kuma komai da Jamusanci ake yi, daga aji har jarrabawa. Ka nemi gurbin HND, ka fara koyon harshen tun yanzu. Ka kuma sani takardar sana'a za a ba ka, ba digiri ba. In burinka ka zama injiniyan da ke yanke hukuncin lissafin inji gaba ɗaya, jami'a ce hanyarka.

Tambaya: Ni budurwa ce a Kano, na ɗan tara kuɗi daga ɗinki don in shirya wa wannan sana'a. A kasuwa an nuna mini wata babbar kwamfuta ta wasanni, aka ce za a saka mini manhajar zanen inji ta SolidWorks a ciki kyauta. Kuɗina duka za ta cinye. In saya?

Amsa: Ƙanwata, kada ki saya. Duk kamfanin da ya ɗauki mai koyo shi ke ba shi kwamfuta da manhaja, kuma ba ki san wacce za ki tarar ba. Wani SolidWorks yake amfani da ita, wani Inventor ko Creo, masu harkar motoci kuma sun fi yin aiki da CATIA ko NX. Wadda aka ce za a saka miki kyauta ta sata ce, sau da yawa da cuta a cikinta, kuma bai kamata ki nuna wa kamfanin da kike neman amincewarsa aikin da aka yi da ita ba.

Ki raba kuɗin. Kaso mafi tsoka ki sa a darasin Jamusanci da kuɗin jarrabawarsa. Sannan ki nemi kwamfutar ofis ta hannu mai Windows, ƙwaƙwalwarta ta kai gigabait 16, ma'ajiyarta SSD, ki haɗa da linzami mai ƙafa a tsakiya, domin juya zane da yatsa a kan allon taɓawa wahala ce. Ki duba batirinta a shagon kafin ki biya, kin san halin wuta. Manhajar FreeCAD kyauta ce ta halal, sigarta ta 1.0 ta fito a Nuwamba 2024, kuma tana aiki ba intanet. Onshape ma tana da tsarin kyauta, sai dai tana cin data, kuma kowa na iya ganin abin da kika zana.

Abu na uku shi ne mafi araha, kuma shi na fi so ki saya: ma'aunin kalifa na ƙarfe, wanda masu injin yanka ke awon kauri da faɗin rami da shi. Ki je Ƙofar Ruwa ki samo wani tsohon ƙarfe mai ramuka, ko ki ciro wani sashe daga mataccen keken ɗinki. Ki auna shi ta kowace fuska, ki zana shi da fensir, ki gina shi a kwamfuta, ki buga zanen. Sai ki kai wa mai injin yanka ki yi shiru. Duk wurin da ya ɗago kai ya ce "nan fa nawa ne?", zanenki bai cika ba. Ki koma ki gyara. Aiki biyar irin wannan, da hoton ƙarfen a gefen zanensa, sun fi kwamfuta mai tsada magana a gaban kamfani. Ki kuma lura, a Turai tsarin kusurwa ta farko ake bi wajen jera fuskokin zane, Amurka kuwa ta uku, kuma darussan bidiyo da yawa na Amurkawa ne. Ke da kika saba da awo da yanka, ba baƙuwa ba ce a wannan tunanin.

Tambaya: Wani wakili ya ce in biya shi kuɗi masu yawa, har da "kuɗin makaranta", zai samo wa ɗana gurbin wannan horo ba sai ya iya Jamusanci ba. Ina shirin sayar da fili.

Amsa: Alhaji, don Allah ka riƙe filinka. A wannan tsari ba a biyan kuɗin makaranta, kamfani ne ke biyan yaro. Doka ta sa mafi ƙarancin alawus tun 2020, kuma ga wanda ya fara a 2025 yuro 682 ne a wata a shekarar farko. Kamfanonin ƙarfe da lantarki masu bin yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago suna biyan sama da yuro 1,000. Kada ka juya shi zuwa naira ranka ya yi fari. Hayar ɗaki a Munich ko Stuttgart kaɗai tana iya lashe rabinsa ko fiye, don haka ba kuɗin aikowa gida ba ne.

Maganar ba sai ya iya harshe ba ita ta fi tayar mini da hankali. Don bizar koyon sana'a ana neman kwantiragin kamfani, da shaidar zai iya riƙe kansa, da Jamusanci wanda a ƙa'ida ya kai matakin B1, wato matsakaicin iya harshen. Ko ya samu ya shiga, akwai lokacin gwaji na wata ɗaya zuwa huɗu, wanda kamfani zai iya sallamarsa ba tare da ba da dalili ba. Yaron da ba ya jin abin da ake faɗa a aji, a nan zai faɗi, a ƙasar da ba shi da kowa.

Guraben suna nan a shafin hukumar samar da aiki ta Jamus, kuma shafin gwamnati mai suna Make it in Germany ya bayyana sharuɗɗan biza da Turanci da Faransanci, duk kyauta. Horon yakan fara a Agusta ko Satumba, manyan kamfanoni kuma suna karɓar takardu tun kusan shekara guda kafin nan. Cibiyar Goethe da ke Legas tana koyar da harshen tana kuma yin jarrabawa, akwai irinta a Accra da Yawunde. Ka ce wa wakilin ya ba ka sunan kamfanin da garin da yake, ɗanka ya rubuta musu da kansa ta adireshin da ke shafinsu. In ya ƙi ba da sunan, kada ka ba shi ko kwabo.