Likita, me ya sa suka hana mu shiga dubiya?

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan murar fulu suke, wadda ta sa asibitoci suka taƙaita masu zuwa dubiya.

Tambaya: Likita, fulu da murar da muka saba abu ɗaya ne?

A'a. Murar da aka saba a hankali take shigowa, da majina da atishawa, mutum yana ci gaba da harkokinsa. Fulu kwatsam take kayar da mutum, da zazzaɓi mai zafi da ciwon jiki da busasshen tari. Idan numfashi ya fara wuya, a nufi asibiti.

Tambaya: Mahaifinmu yana kwance da ciwon zuciya. Mun je dubiya mu shida, aka ce mutum biyu kaɗai za su shiga, aka kuma mayar da yarana daga bakin ƙofa, alhali dukanmu lafiyarmu ƙalau. Wannan ba wulaƙanci ba ne?

Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Na san ranka ya ɓaci, amma wannan "lafiyarmu ƙalau" ita ce abin da ya fi damuna. Wanda ya kamu da fulu yakan yi kwana 1 zuwa 4 kafin ya ji komai a jikinsa, kuma yana iya fara yaɗa ta tun ana gobe alamun za su bayyana. Wato za ka iya shiga ɗakin da ƙarfinka, ka riƙe hannun Baba, ka sunkuya kusa da fuskarsa kana yi masa sannu, ka gyara masa matashi, sai washegari zazzaɓi ya rufe ka. Kai za ka yi 'yan kwanaki a kwance ka miƙe. Shi kuwa, da shekarunsa da zuciyar da dama ta gaji, fulu tana iya zame masa nimoniya, ko ta tayar da ciwon zuciyar gaba ɗaya.

Kuma ba shi kaɗai ne a ɗakin ba. A gadon kusa da shi wataƙila mai ciwon suga ne, na gaba mai asma, can kuma wanda aka yi wa tiyata jiya. Tari ɗaya yana watsa ɗigon yawu har kusan mita 2, ƙwayar cutar kuma tana iya kwana a jikin ƙarfen gado ko mariƙin ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fulu tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara, kuma tsofaffi da masu wata cutar a jiki su ne ta fi ɗauka.

Batun yara kuwa, dalili biyu ne. Sun fi manya daɗewa suna yaɗa cutar, wani lokaci fiye da mako guda, kuma yaro ba ya zama wuri ɗaya: ya taɓa nan, ya sa hannu a baki, ya share hanci da bayan hannu. Sannan su kansu, musamman 'yan ƙasa da shekara 5, suna cikin waɗanda fulu take yi wa mugun kamu. Mayar da su da aka yi gata ne.

Ku zaɓi mutum ɗaya ko biyu su tsaya a kan jinyar, sauran ku riƙa gaishe shi ta waya, har da ta bidiyo idan ya samu ƙarfi. Duk wanda ya ji maƙogwaro yana masa ƙaiƙayi ya zauna a gida, ko da shi ne babban ɗa. Don Allah a daina yi wa nas faɗa a bakin ƙofa, ba ita ta kafa dokar ba. Idan kuma kun lura Baba ya fara tari ko zazzaɓi, ku gaya wa ma'aikatan jinya nan take, kada ku jira zagayen likita na safe.

Tambaya: Ɗana mai shekara 7 yana da fulu. Na ba shi asfirin da ragowar antibayotik ɗin yayarsa, amma zazzaɓin bai sauka ba. In ƙara masa?

Haba 'yar'uwa! Ki dakatar da duka biyun yau. Ba a ba yaro asfirin idan yana da fulu, domin yana iya jawo wata cuta da ake kira Reye, mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta. Antibayotik kuma bakteriya yake kashewa, fulu kuwa bairos ce, ko gezau ba za ta yi ba. Na rasa ranar da za a daina ajiye ragowar magani ana rabawa tsakanin yara. Farasitamol daidai nauyinsa da ruwa mai yawa su ne abin bayarwa. Tunda ya riga ya sha asfirin, ki kai shi a duba shi. Idan ya fara amai babu tsayawa, ko barci mai nauyi, ko ruɗewa, ko numfashi da sauri har haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko cikin dare ne ki tafi asibiti. Akwai maganin fulu na gaskiya, oseltamivir, amma likita ne yake rubuta shi, kuma ya fi aiki idan an fara cikin awa 48 na farko.

Tambaya: Ni ce mai jinyar mahaifiyata. Takunkumi ya isa?

Bai isa shi kaɗai ba. Ya rufe hanci da baki, ba a saukar da shi haɓa, kuma ki sauya idan ya jiƙe. Ki wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin ki taɓa ta da bayan kin taɓa ta, ko ki shafa sanitaiza. Ranar da kika ji zazzaɓi, wani ya karɓe ki.

Tambaya: Ina da ciki wata 5, zan iya yin allurar rigakafin fulu?

Ƙwarai kuwa, masu ciki suna sahun gaba. Tana ɗaukar kamar mako 2 kafin ta fara aiki, kuma tana kare jaririn a watanninsa na farko. Idan zazzaɓi ya kama ki, ki ga likita a ranar.

Tambaya: Na warke daga fulu, yaushe zan iya zuwa dubiya?

Ka bari a ƙalla mako guda ya cika daga ranar da ta fara, kuma ka yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da shan farasitamol ba. Idan tarin bai tafi ba, ka sa takunkumi, ka kuma tambayi nas kafin ka shiga.