Lambar da Likita Ya Rubuta a Katin Baba

Tambaya: Likita, barka da aiki. Daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim nake rubuto maka. Mahaifina shekararsa 62, ya koyi shan taba wajen cirani a Kurmi yana ɗan shekara 22. Da can kara 5 yake sha a rana, tun rasuwar mahaifiyarmu shekara 20 da suka wuce ya koma 10. Bana kunya biyu zai yi a gonar gero, sai ya dogara da garma yana haki. A asibiti likita ya tambayi kara nawa, shekara nawa, ya rubuta 15 a katinsa. Mai kemis ɗin garinmu ya ce sai ta kai 20 ake damuwa. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya jiƙan Inna. Wannan lamba awon hayaƙin da mutum ya zuƙa ne tsawon rayuwarsa. Kwali ɗaya kara 20 ne, wanda ya sha kwali kullum har shekara guda ya tara lamba 1. Kara 5 rubu'in kwali ne, sau shekara 20 ya ba da 5. Kara 10 rabin kwali, sau 20 ya ba da 10. Ka ga inda 15 ta fito.

Ni dai ban cika yarda da yawan karan da mai shan taba ya fara faɗa mini ba. Mutanenmu ba kwali suke saye ba, kara-kara ne wajen mai tireda, duk da dokar taba ta 2015 ta hana sayarwa haka. Ga wanda aka miƙa maka a dandali bayan isha'i, ga na ranar kasuwa. Kuma wane dattijo ne zai faɗi gaskiyar lissafi ɗansa na tsaye a kansa? Nan gaba ka fita waje, ka bar shi da likita su biyu.

Mai kemis ya tsinci zance ne a tsakiya. Amurka ce ta sa 20 a 2021, don tantance wanda za a riƙa yi wa hoton huhu na CT duk shekara domin gano kansar huhu da wuri: mai shekara 50 zuwa 80, yana sha ko bai wuce shekara 15 da bari ba. Wannan don mai lafiya ne da ba ya jin komai. Baba kuwa yana haki.

Lambar ma tana da makanta. Mai kwali a rana shekara 15, shi ma 15 ne, amma tun 1978 masana biyu na Ingila, Richard Doll da Richard Peto, suka nuna cewa a kansar huhu daɗewa ta fi yawan kara illa. Shekara 40 ɗin Baba ita ta fi tsaya mini a rai. Ita kuwa zuciya, ko kara ɗaya a rana tana ji a jikinta, don haka "na rage" ba magani ba ne.

Ku koma a auna numfashinsa, a ɗauki hoton ƙirji, a duba zuciya. In yana tari fiye da mako biyu a gwada kakinsa, gwajin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati. Batun bari kuwa, kada ka tare shi gaban mutane. Ka samu amininsa ko ƙaninsa su yi maganar, su gaya masa wanda ya bari, cikin shekara guda haɗarin da taba ta ƙara wa zuciyarsa yakan ragu da kusan rabi, ko da ya haura sittin.