An Ba Ni Aikin Bishara a Zumuntar Makarantarmu, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya:

Baba, ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni ɗaliba ce a aji biyu a wata jami'a a nan Arewa. A zangon karatun nan aka zaɓe ni sakatariyar bishara a zumuntarmu ta ɗalibai, kuma gaskiya tsoro nake ji. A ɗakinmu mu shida ne: ni, da Musulmi uku, da Kirista biyu da ba sa leƙa sujada. Wasu 'yan'uwa na cewa mu ɗauki lasifika mu zaga ɗakunan kwana da asuba, wasu na cewa mu kama bakinmu kada mu jawo fitina. Iyayena kuma sun ce karatu suka turo ni. Yaya zan yi shaidar Almasihu ba tare da na tayar da rigima ba, kuma ba tare da na yi musun Ubangijina ba?

Amsa:

'Yata, na amsa gaisuwa, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Tsoron da kike ji bai sa kin zama mai ƙarancin bangaskiya ba. Na yi shekaru ina zaga makarantu wajen ɗalibai, kuma wanda ya fi ba ni fargaba shi ne yaron da aka miƙa wa wannan aiki gabansa bai faɗi ba ko kaɗan.

Ki fara sanin cewa ba ke ce ta fari a wannan hanya ba. Zumuntar ɗalibai Kirista da ake kira FCS an kafa ta ne a Gindiri a 1957, wata zumuntar ɗalibai Kirista mai suna NIFES kuma a 1968, ga ƙungiyar ɗaliban Katolika ta NFCS ita ma da daɗewarta. 'Yan'uwanmu Musulmi suna da tasu, MSS, tun 1954. Shekara sittin da ɗoriya ke nan matasan addinan biyu suna zama a aji ɗaya, suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya, kowa yana riƙe da abin da ya gaskata. Sashe na 38 na tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin yin addininsa da koyar da shi da yaɗa shi. Saboda haka ba laifi kike yi ba, ba kuma sata ba. Sai dai 'yanci daban, hikima daban, kuma tambayarki ta hikima ce.

Shawarar masu lasifika ban yarda da ita ba, ta masu cewa a yi shiru ma ban yarda da ita ba. Yarinyar da ta kwana karatun jarabawa, ta samu barci ƙarfe uku, kika tashe ta da ihu ƙarfe biyar, ba ta ji bishara ba, hayaniya ta ji, kuma da sunan Yesu za ta haɗa ɓacin ranta. Shirun tsoro kuma ba zaman lafiya ba ne. Idan kin yi shekara huɗu da mutum, kun ci a kwano ɗaya, ya gama makaranta bai taɓa jin abin da ya fi komai daraja a zuciyarki ba, to ba ki ɗauke shi aboki na gaske ba.

Akwai wani wuri a Ayyukan Manzanni sura 19 da nake so ki zauna ki karanta a tsanake, domin ban san nassin da ya fi dacewa da halin da kike ciki ba. Bulus ya yi shekara biyu a Afisa yana tattaunawa da mutane kowace rana a makarantar Tiranas. Ki lura, a makaranta, wurin da ake tambaya ana amsawa. Afisa kuwa gari ne da ke alfahari da haikalin allahiyarsu Artimis, kuma maƙeran azurfa da ke ci daga wannan bauta suka tayar da tarzoma, garin ya ruɗe. Da magatakardan gari ya tashi kwantar da jama'a, me ya ce game da abokan Bulus? Ya ce mutanen nan ba su yi fashi a haikali ba, ba su kuma zagi allahiyarmu ba. Wannan shaida ce daga bakin wanda ba mai bi ba. Shekara biyu Bulus yana wa'azi har maganar ta game lardin Asiya, amma ba a samu kalmar zagi ɗaya da za a riƙe shi da ita ba. Ya faɗi gaskiyar da ya sani game da Yesu, bai rage komai ba, bai kuma mai da abin da mutane ke girmamawa abin ba'a ba. Ki lura kuma, duk da haka rigima ta tashi. Ba zan yi miki alkawarin cewa ladabi zai kare ki daga kowace fitina ba. Abin da zai ba ki shi ne lamiri mai tsabta, da bakin maƙwabta da za su tsaya miki.

Mu a Arewa mun ga abin da magana ke iya jawowa. A watan Maris na 1987, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, gardama ta tashi a wani taron FCS kan abin da mai wa'azi ya faɗa game da Alƙur'ani. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtua da Katsina, aka ƙone coci-coci masu yawa da wasu masallatai, aka yi asarar rayuka. A watan Mayu na 2022 kuma aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, bayan wani saƙon murya da ta tura a zauren WhatsApp na ajinsu. Ina faɗa da babbar murya cewa babu maganar da ta halatta a kashe ɗan Adam, kuma jinin yarinyar nan yana wuyan waɗanda suka zubar da shi. Amma ni uba ne, kuma dole in gaya miki: magana zarar bunu ce. Ki hana kanki, ki kuma hana 'yan kwamitinki, taɓa sunan Annabin Musulunci ko Alƙur'ani da kalmar raini, ko a baki, ko a rubuce, ko da wasa. Zauren aji na WhatsApp kuma na sanarwar lakca ne da jarabawa. Kada ki yi gardamar addini a can, inda mutum ɗari ke karantawa babu mai ganin fuskar wani.

To ta ina za ki fara? Daga ɗakinki, kuma daga 'yan'uwan nan biyu da suka daina zuwa sujada. Yawancin shugabannin zumunta idanunsu na kan na waje, alhali makarantun nan cike suke da yaran da suka tashi a ikkilisiyoyin ECWA da COCIN da EYN da Katolika da Baftis, suka yi makarantar Lahadi, suka haddace ayoyi, amma da suka shigo jami'a babu mai tashinsu ranar Lahadi sai igiyar ta tsinke. Kada ki tare su da "me ya sa ba kwa zuwa coci?" Wannan tuhuma ce, za su kulle. Ki zauna da su ki ji labarinsu. Sau da yawa za ki tarar akwai ciwo a ƙasa: wata an wulakanta mahaifiyarta a ikkilisiya, wata ta yi kuskure tana jin ba ta da fuskar komawa, wata kuma wani lakcara ya jefa mata tambayar da ba ta samu mai amsa mata ba. Ki ce musu, "Ranar Alhamis da yamma zan karanta sura ɗaya ta Markus, ko za ku zauna da ni?" Markus gajere ne, sura 16, babu dogon zance, Yesu yana tafe yana aiki. Ku karanta, kowa ya faɗi abin da ya gani a ciki. Minti talatin ya isa.

Game da abokan ɗakinki Musulmi kuwa, gani ya kori ji. Sun riga sun fara karanta ki tun ranar da kika ajiye akwatinki. Suna ganin ko kina mayar da bokitin da kika ara, ko kina rage waƙar wayarki idan sun shimfiɗa darduma, ko kina shiga da takardar satar amsa ɗakin jarabawa, ko kina gulma idan ɗaya ta fita. Na san wata yarinya a wata kwaleji da a watan azumi take tashi ta kunna risho ta ɗumama wa abokiyar ɗakinta abincin sahur, domin waccan zazzaɓi ya kayar da ita. Ba ta yi wa'azi ba. Bayan sallah abokiyar ce da kanta ta zauna a bakin gadonta ta ce, "Wai ku me kuke cewa a addu'arku da dare?" Suka kai sha biyun dare suna magana. Waccan ba ta bar addininta ba, amma ta ji labarin gicciye da tashin Yesu daga bakin wadda ta amince da ita, har yau kuma suna zumunci. Ni a wurina yarinyar nan ta yi aikin bishara cikakke.

Sai dai ki kiyaye zuciyarki a nan. Kada alherinki ya zama ƙugiya. Mutane suna gane wanda ke ƙaunarsu da wanda ke farautarsu. Idan abokiyarki ta ce miki ba ta son maganar, ki bar ta, gobe kuma ki gaishe ta da fuskar jiya. Haka kuma ban yarda a gayyaci mutum da sunan cin abinci ko darasin lissafi, ya zo ya tarar wa'azi ne ba. Ku faɗa masa gaskiyar abin da za a yi. Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 4:2 sun rabu da ayyukan ɓoye da makirci. Kada a yi wa kowa alkawarin kuɗin makaranta ko aiki don ya karɓi Yesu, kada kuma a yi bishara da soyayya. Mace ta bi mace, namiji ya bi namiji. Na ga zumuntoci da suka zubar da mutuncinsu a kan wannan abu ɗaya.

Idan tambaya ta zo, kuma za ta zo, 1 Bitrus 3:15 ya ce mu zauna a shirye mu ba da dalilin begenmu, amma da tawali'u da bangirma. Tambayar da za ki fi ji ita ce ta "Ɗan Allah". Ki fahimci abin da ke damun mai tambayar: yana jin kamar muna cewa Allah ya yi aure ya haihu, kuma wannan mu ma saɓo ne a wurinmu. Ki faɗa masa haka a fili. Ki buɗe Luka 1:35 ku karanta abin da mala'ika ya gaya wa Maryamu, ki nuna masa farkon Yahaya inda aka kira Yesu Kalma. Musulmi suna girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa, akwai sura guda a Alƙur'ani mai sunan Maryam, don haka ba baƙon suna kike kawo musu ba. Amma kada ki yi kamar babu bambanci. Mun gaskata an gicciye shi, ya mutu domin zunubanmu, ya tashi a rana ta uku, su kuwa ba su yarda an gicciye shi ba. Ki faɗi naki, ki saurari nasu har ƙarshe ba tare da katsewa ba. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, za ki tambayo. Wannan kalma ba ta taɓa rage wa mai shaida daraja ba.

Taron fili yana da wurinsa. Ku nemi izini a rubuce daga ofishin kula da harkokin ɗalibai, ku yi a inda aka ba ku, a lokacin da aka ba ku, ku kauce wa lokutan sallah idan kuna kusa da masallaci. Duk baƙon mai wa'azin da za ku gayyato, ku san shi, ku ji wa'azinsa tukuna, ku kuma gaya masa iyakarsa. Shi zai hau mota ya tafi, ku ne za ku kwana a makarantar. Zan ma ƙara da cewa ki san shugabar mata ta MSS, ku yi musayar lamba. Ranar da jita-jita ta tashi, kiran waya ɗaya tsakanin mutum biyu da suka san juna yana iya kashe wutar tun tana ƙarama.

Idan kuma wata rana wani daga gidan da ba na Kirista ba ya ce yana so ya bi Yesu, wannan ya fi ƙarfinki ke kaɗai. Kada ki sanar a taro, kada a ɗauki hoto, kada a yi gaggawar baftisma. Ki kai maganar ga faston majami'ar makaranta ko ma'aikacin zumunta mai hankali. Mutumin nan yana iya rasa kuɗin makaranta da gida da dangi, ya kamata ya lissafa abin da ke gabansa da idonsa a buɗe, kuma shi ne mai ikon faɗin labarinsa, ba ke ba. Idan bai kai shekara 18 ba, sai a ƙara taka-tsantsan.

Maganar iyayenki gaskiya ce, ki riƙe ta. Sakatariyar bishara da ke faɗuwa kwas saboda taron kwamiti tana rushe da hannun hagu abin da ta gina da na dama. Ki tsara lokacinki, ki raba aikin. A makon nan ki nemi mutum uku kawai a zumuntar waɗanda kika ga suna da kunnen sauraro, ku haɗu ku yi addu'a kuna ambaton abokan ɗakinku da suna. Ranar Alhamis kuma ki dafa ɗan abin da kike da shi, ki buɗe Markus sura ta fari, ki kira 'yan'uwan nan biyu. Ki sake rubuto mini a ƙarshen zango in ji yadda kuka yi.