Ku Tambaya: Gishirina Ya Ƙi Yin Ƙwaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a firamare a Mai Wurno, jihar Sinnar. Na jiƙa gishiri a kofi don yara su ga yadda kiristal, wato ƙwaya mai fuskoki, ke fitowa. Mako biyu ke nan, ba komai sai farin ɓawo a bakin kofin. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Halin gishiri ne. Ruwa mililita 100 giram 36 yake narkarwa, ko kin tafasa shi da ƙyar ya kai 39. Saboda haka hucewar ruwan ba ta fitar da ƙwaya, sai ruwan ya ƙafe a hankali, kamar a gonakin gishirin Fot Sudan, zafin garinku kuwa gaggawa yake sa shi.

Ki koma ga alif, wanda Larabawa ke cewa shabb, na tace ruwan tulu. Ki daka shi, ki riƙa zubawa a ruwan zafi har ya ƙi narkewa, ki tace da tsumma mai tsabta. Washegari za ki ga ƙwayoyi a gindin kofin. Zaɓi mafi kyau, ki ɗaure da zare, ki rataya cikin ruwan da ya huce. Ki rufe da takarda saboda ƙura, kada kowa ya girgiza.

Ranar da na fara yi wa ɗalibaina, wata yarinya ta ɗora tata a tafin hannu tana ƙirga fuskokin da farce: takwas. Na gishiri shida ne. Ki bar yaranki su ƙirga da kansu, amma kada su kai baki.