Me ya sa kowa ya rasa intanet bayan ka sa ACL?

Malam Musa, ka ce ka hana VLAN ɗin baƙi (ɓangaren hanyar sadarwa da aka ware musu) shiga sabar ofishinku a Ikeja, sai kowa ya rasa intanet. Matsalar ita ce kowane ACL (jerin ƙa'idojin da ke bari ko hana bayanai wucewa) na na'urorin Cisco yana da ɓoyayyen deny any (wato hana komai) a ƙarshensa; in ba ka rubuta permit ip any any (wato bari komai ya wuce) bayan layin hanin ba, komai zai toshe. Na'urar tana karanta layukan daga sama zuwa ƙasa, wanda ya fara dacewa shi ke aiki, don haka duba jerinsu. Kuma wajen rubuta adireshi a ACL, wildcard ake sawa (lambar da ke nuna ɓangaren adireshin da ba za a duba ba), kamar 0.0.0.255, ba 255.255.255.0 ba. Ni kaina na kwana a kan wannan a wani ofis a Yaba, janareta na ruri. Buga show access-lists ka ga layin da bayanai ke dacewa da shi.