Tambayoyin Masu Karatu: Shin Manhajojina Suna Mazauninsu na Gaskiya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi kwamfuta ta hannu a kasuwar Farm Centre, kuma da na leƙa cikinta sai na tarar da folda biyu masu suna Program Files, ɗaya an ƙara mata x86 a ƙarshen sunanta, manhajojina sun rarrabu a tsakaninsu, Zoom kuwa ba ta cikin ko ɗaya. Abokina ya ce in tattara su wuri guda. Shin kuskure aka yi wajen saka su, ko kuwa bairos ne? Daga wani ɗalibi a Ƙofar Nasarawa, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, kada ka bi shawarar abokin nan naka, domin Windows tana rubuta adireshin kowace manhaja a kundinta da ake kira Registry, kuma idan ka ɗauke manhaja da hannu, kwamfutar za ta neme ta inda ta san ta, ta rasa.

Rabon da ka gani tsari ne na Windows mai bit 64, wato nau'in Windows da ke iya tafiyar da manhajojin sabon tsari (bit 64) da na tsohon tsari (bit 32). Manhajojin bit 64 suna sauka a Program Files, na bit 32 kuma a wadda ke ɗauke da x86, sunan da ya samo asali daga na'urar Intel 8086 ta shekarar 1978. Ita kuwa Zoom, da ire-irenta da ake saka wa mai amfani guda, galibi tana zama a ɓoyayyiyar foldar AppData, kuma wannan ba aibu ba ne.

Inda mazauni yake da muhimmanci ƙwarai shi ne fayilolin Windows kanta, saboda masu ƙirƙirar bairos sukan ari sunayensu su fake. Ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe, wato shafin da ke nuna jerin abubuwan da ke aiki a kwamfutar. Ka zaɓi abin da kake zargi, ka danna maɓallin dama na linzami, sannan ka zaɓi Open file location. Fayil ɗin svchost.exe na gaskiya yana cikin System32 ko SysWOW64 a ƙarƙashin foldar Windows, explorer.exe kuma a cikin foldar Windows ɗin kai tsaye. Abin dariya a nan, System32 ce ke riƙe da fayilolin bit 64, SysWOW64 kuma na bit 32, don haka kada sunan ya ruɗe ka. Idan ka ga svchost.exe a Temp ko Downloads, ko aka juya harufansa ya koma scvhost.exe, to akwai lauje cikin naɗi, kuma ya wajaba ka sa Windows Security, manhajar tsaron da ke cikin Windows, ta binciki kwamfutar gaba ɗaya.

A ganina, tunda ba ka san hannun da kwamfutar ta ratsa ba, gara ka kwashe takardunka a filashi ka sa a sake saka mata Windows sabuwa.